A Duba Gindin Gini Kafin A Ɗora Masa Bene

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi magana a kan wani abu da ke hana ni barci, ni da 'yan'uwana masu haya a shagunan kasuwa.

Ni manomi ne, da rani kuma ina tireda. Shekarata tara a shago ɗaya, a wani gini mai shaguna shida a jere. Bana mai ginin ya tara mu ya ce zai ɗora hawa biyu a kanmu, ya yi ofisoshi ya ba masu kwamfuta da 'yan POS haya. Da muka nuna tsoro sai ya yi dariya, ya ce ai ba bulo da dakin zai zuba ba, wani sabon gini ne na ƙarfe marar nauyi, ko a ka aka ɗora wa mutum zai ɗauka.

Ban tsaya gardama ba. Na tambayi ɗan yayana da ke karatun gine-gine a foliteknik, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ƙarfen siriri ne, kaurinsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, an lanƙwasa shi a masana'anta an shafe shi da zinki saboda tsatsa. Da sukurori ake ɗaure shi kamar firam ɗin gado, sannan a rufe da faranti maimakon bulo. Ya ce dakin mai kaurin santimita 15, kowace mita ɗaya tsawo da faɗi nauyinta kilo 360 ne, wato buhun siminti bakwai da ɗoriya. Shagona mita 3 ne da 4, ka ga dakin ɗinsa kaɗai ya haura tan huɗu, ba a sa bango ba. To a nan kam na yarda da Alhaji, ƙarfen ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, aikinsa ya fi sauri, kuma ba sai an tashe mu wata da watanni ana jiran kankare ya bushe ba.

Amma Malam Edita, kaya marar nauyi ma kaya ne. Jakin da ya riga ya gaji, ko dami ɗaya ka ƙara masa sai ya durƙusa. Ginin nan namu ina nan aka yi shi, birkila ne da yaransa suka haƙa fandisho bai kai gwiwa ba, don ba wanda ya yi tunanin bene a lokacin. Yanzu haka akwai tsaga a bangon bayana da nake tura yatsa ciki. Wa ya tona ya ga rodi nawa ne a ginshiƙan? Babu.

Mun fa ji abin da ya faru a wasu wurare. A 2014 wani masaukin baƙi na coci ya rufta a Legas ana cikin ƙara masa hawa, mutum fiye da 100 suka rasu. A 2013 a Bangaladash ginin Rana Plaza, wanda aka ƙara wa hawa ba izini, ya hallaka fiye da mutum 1,100, yawancinsu masu ɗinki. Ko a nan Kano, a 2022 bene ya rufto wa jama'a a kasuwar waya ta titin Beirut.

Abin da ya fi damuna shi ne halinmu na 'yan kasuwa, har da ni. Yau an ce ofis ne, tebur da kujera. Shekara ɗaya in mai kwamfuta ya tashi, wani zai kama ya mai da shi sito, ya jibge dilolin atamfa da buhunan shinkafa har rufi. Benen da aka auna wa nauyin akawu ba zai ɗauki na sito ba. Ga kuma iskar farkon damina da ke kwashe mana kwano kowace shekara. Abu marar nauyi in ba a ɗaure shi da tsohon gini sosai ba, ai ita ma ta samu. Sai gobara, wadda kowa ya tuna ta kasuwar Sabon Gari a 2016. Ƙarfe ba ya ci da wuta, amma in ya sha zafi laushi yake yi, shi ya sa dole a lulluɓe shi da farantin da ke tare wuta, ba silin mai araha ba.

Don haka ina kira ga hukumomin tsara birane na jihohinmu da shugabannin kasuwa, kada a bari a ɗora ko sanda ɗaya sai injiniya mai rajista da COREN ya zo ya tona gindin gini ya gwada ginshiƙai, ya sa hannu. A manna takardar a ƙofa, a rubuta da Hausa nauyin da benen zai iya ɗauka. Mu shidan mun gaya wa Alhaji za mu taimaka da kuɗin injiniyan daga aljihunmu. Ya ce zai yi shawara, amma ƙarafan tun makon jiya aka sauke su a bakin shagona.



Naka,
Manomi ɗan tireda,
daga Jihar Kano.