Wanda ya biya kuɗin bincike shi ke zaɓen tambaya

Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje a watan Janairun 2025, daga baya kuma ta rufe hukumar USAID ɗungurungum, magana guda ake ta juyawa a jami'o'inmu da gidajen rediyo: wai binciken kimiyya ya shiga uku, masu ba mu sun janye hannu. Ingila ma ta zaftare nata tallafin a 2021, ta kuma sanar da wani ragin a 2025. Shawarar da ke biyo bayan wannan kuka ba ta sauyawa: a nemi sababbin abokan hulɗa, a gwada Sin ko Turkiyya ko ƙasashen Larabawa, a koya wa malamai dabarar rubuta takardar neman tallafi. A ƙarƙashin duka wannan akwai wani imani da ba a cika furta shi ba, cewa bincike harka ce ta ƙasashe masu hali, mu kuwa talauci ya ɗauke mana nauyinsa, namu kawai a taimake mu.

Wannan imanin ne ya kamata mu yaƙa, domin ya fi yanke tallafin yi mana illa.

Manomin Maruda ko Dalijan ko Kambaza a ƙasar Gwandu yana da tambayoyin da kimiyya ce kaɗai za ta amsa su. Me ke ruɓar da albasarsa a cikin rudu kafin farashi ya tashi? Wane irin gero ne zai jure ƙuduji a ƙasarsa mai yashi? Idan kowa ya haƙa rijiyar burtsatse a fadama ya ɗora injin ban-ruwa, shekara nawa ruwan ƙarƙashin ƙasa zai ɗauka kafin ya ja baya? Wace shinkafa ce za ta nuna kafin irin ambaliyar da ta shafe gonakin Kebbi a daminar 2020? Ina tsuntsayen jan-baki ke ƙyanƙyasa kafin su sauka wa gonaki? Waɗannan tambayoyi sun girmi USAID, kuma rufe ta bai ƙara musu komai ba, bai rage ba. A shekarun da kuɗin waje ke kwarara ma ba su ne a gaba ba.

Dalilin yana cikin yadda ake raba kuɗin. Wani kwamiti ne ke zama a Landan ko Washintan ko Burasal ya tsayar da abin da za a bincika a shekaru uku ko biyar masu zuwa, sannan a yi shela. Malamin jami'armu, wanda ba shi da wata ƙofa, sai ya lanƙwasa tambayarsa har ta dace da shelar. Idan ya yi sa'a aka ɗauke shi, galibi aikinsa shi ne shiga ƙauyuka, neman izinin hakimi da dagaci, ɗibar jini ko ƙasa ko ganye, da cika takardu. Samfurin ya hau jirgi. Nazarin ana yin sa can, sakamakon ya fito a mujallar da ɗakin karatun jami'arsa ba ya iya biyan kuɗinta, cikin harshen da waɗanda aka ɗebi jininsu ba sa ji. Da wa'adin ya cika, motar ta tsaya, firjin ya mutu, yaran da aka horar su watse. Ban ga laifin masu ba da kuɗin ba, harajin jama'arsu suke kashewa, kuma jama'arsu za su yi wa bayani. Hausawa sun daɗe da yanke hukunci a kan irin wannan ciniki: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Gwandu ta san wannan tsari tun kafin a gina jami'a ko guda a ƙasar nan. A watan Mayun 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka garin a kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu, da guzurin gwamnatin Ingila. Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi bai yarda ya gan shi ba. Amma wani malami mai suna Buhari, ɗan Muhammadu Wani, ya ara masa wani littafi rubutun hannu, Barth ya kwana uku ko huɗu yana kwafe abin da ya fi muhimmanci a ciki. Littafin shi ne Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi, tarihin Songhai da Tumbuktu, ko da yake Barth ya ɗauka na Ahmad Baba ne. Abin da ya kwafa ya isa Turai, aka buga shi a Jamus a 1855, kuma ta nan ne malaman Turai suka fara sanin tarihin daular Songhai yadda ya kamata. A gaskiya Barth ya yi adalci, ya ambaci sunan wanda ya ba shi aron. Duk da haka, a duba yadda aka kasafta aikin: littafin na Gwandu, masu karanta shi da adana shi 'yan Gwandu, amma mai guzurin tafiya da injin ɗab'i shi ya fita da suna, shi kuma ya zaɓi abin da duniya za ta sani daga ciki. Mutumin har albasar Gwandu sai da ya yaba a littafin tafiyarsa. Shekara 170 da ɗoriya ke nan, kuma albasar tana nan tana ruɓewa a hannun manomi ba tare da mun ware wa matsalarta kuɗin kirki ba.

Babu inda abin ya fi ciwo kamar a kan zazzaɓin cizon sauro. Ƙididdigar ƙasa ta 2021 ta nuna cewa kashi 49 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar da aka duba jininsu suna ɗauke da ƙwayar cutar. Babu jihar da ta kai haka, Legas ba ta wuce kashi 3 ba. Wannan adadin kansa da kuɗin Amurka da na Asusun Duniya na yaƙi da cututtuka aka samo shi, kuma shirin ƙididdigar da ke taimakawa wajen tattara irinsa yana cikin waɗanda tallafinsu ya tsaya a farkon 2025. Wato ko yawan 'ya'yanmu marasa lafiya sai da kuɗin wani muke saninsa. Saboda wannan adadi ne Kebbi ta shiga cikin jihohi biyun da aka fara allurar rigakafin R21 a cikinsu a watan Disambar 2024, ita da Bayelsa. Jami'ar Oxford ce ta ƙirƙiro allurar, wani kamfanin Indiya ke sarrafa ta, an kuma gwada ta a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. Najeriya, wadda ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan cuta a duniya, ba ta cikin wuraren gwajin.

Ya kamata mu tsaya a kan Burkina Faso, domin ba ta fi mu arziki ba. Gwajin da ya fara nuna ƙarfin allurar, a kan yara 450, wanda aka buga sakamakonsa a 2021, a Nanoro aka yi shi, wani garin karkara. Wanda ya jagorance shi a can ɗan ƙasar ne, Farfesa Halidou Tinto, wanda ya yi digirinsa na uku a Baljiyam ya koma gida ya kafa cibiyar bincike a 2009. Za a ce ai Nanoro ma kuɗin waje ne ya raya ta, kuma haka ne. Amma cibiyar tana ƙarƙashin hukumar binciken lafiya ta gwamnatin ƙasar, tana da ma'aikatanta, tana bin diddigin haihuwa da mutuwa a ƙauyukan da ke kewaye da ita shekara da shekaru. Da Oxford ta zo, gida ta tarar a gine, sai ta shigo a matsayin abokiyar aiki. A 2023 mujallar Nature ta sa Tinto cikin mutum goma da suka yi fice a kimiyya a shekarar. Inda kuwa babu irin wannan gida, mun ga abin da ke faruwa: a annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya shafi yara 200, guda 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. Rashin amanar da wannan ya bari yana cikin abubuwan da suka rura ƙin allurar shan-inna a 2003.

Hujjar talauci ita ce ta fi yawo, kuma ita ce ta fi rauni. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari tun a taron Legas na 1980, suka sabunta shi bayan shekara ashirin da 'yan kai, cewa kowace za ta kashe kashi ɗaya cikin ɗari na arzikinta a kan bincike. Najeriya ko rabin haka ba ta taɓa kaiwa ba. Kasafin kuɗin jihar Kebbi na 2025 ya haura naira biliyan 500. Kashi ɗaya cikin dubu na wannan ya haura naira miliyan 500 a shekara. Wannan ba zai ƙera allurar rigakafi ba, amma ya isa ya ɗauki nauyin ƙananan bincike masu yawa a kan ajiyar albasa, da ruwan fadama, da sauron da ya daina jin maganin gidan sauro. Jihar Sao Paulo ta ƙasar Barazil ta rubuta a tsarin mulkinta cewa kashi ɗaya cikin ɗari na harajinta na asusun bincike ne, asusun kuma yana aiki tun 1962. Legas ta kafa majalisar bincike tata, ta ware mata naira miliyan 250 a 2019. Kebbi kuwa tana da inda za ta zuba kuɗin: jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero tun 2006, jami'ar tarayya da ke Kalgo tun 2013, da kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na ƙasa a cikinta a 2015 ba ta da hujjar jiran baƙo ya zo ya gano mata ciwon shinkafarta.

Ɗaya reshen wannan tunani shi ne yadda muke kallon fitar malamai. Shekara da shekaru muna auna ci gaban jami'a da yawan waɗanda ta tura waje. Da naira ta faɗi daga wajen 460 kan dala guda a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, da kuma hukumar TETFund ta bayyana cewa fiye da malamai ɗari da ta ɗauki nauyinsu sun ƙi dawowa, sai ta dakatar da tallafin karatun waje daga Janairun 2025. Jama'a suka tafa, aka yi ta zagin waɗanda suka maƙale a can. Wanda ya karya alkawari ya yi laifi, kuma ya kamata ya biya abin da aka kashe masa. Amma wanda ya shekara huɗu yana nazarin ƙwayoyin halitta, aka ce ya dawo ɗakin gwaje-gwajen da ba wuta, ba sinadari, ga ɗalibai ɗaruruwa a aji, me aka dawo da shi ya yi? Mun biya kuɗin tafiya mun manta da kuɗin sauka. Toshe ƙofar bai gyara wannan ba. Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a gare mu. Malam Jibrila, malamin Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi, sai da ya je Hijaz ya dawo, kuma abin da ya sa tafiyarsa ta yi amfani shi ne ya tarar da almajirai da zaure suna jiransa.

Kuma ba dole ba ne kowace fita ta zama ta jirgin sama. Daga Birnin Kebbi, Yamai ta fi Abuja kusa. A Sadore, kudu da Yamai, akwai cibiyar ICRISAT da ta daɗe tana aiki a kan gero. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET mai nazarin ruwan sama da fari tun 1974. A Maraɗi akwai tashar binciken noma ta ƙasar Nijar, inda masanin ƙwari Ibrahim Baoua da abokan aikinsa suka haɗa hannu da jami'ar Purdue ta Amurka wajen tabbatar da buhun nan mai ruɓi uku da ke kashe ƙwarin wake ba tare da guba ba, wanda ake sarrafawa a Kano. Kuɗin waje ne ya tallafi wannan aikin, amma tambayar daga rumbun manomi ta fito, shi ya sa buhun ya shiga kasuwa ya zauna bayan masu tallafin sun tafi. Ƙasarsu irin tamu ce, geronsu irin namu ne, da Hausa za a yi magana da manomansu. Wata uku a Maraɗi zai fi amfanar mai nazarin geron Gwandu fiye da shekara guda a ƙasar da ba a taɓa shuka gero ba, ga shi ba biza, alhali Amurka ta taƙaita yawancin bizar da take ba 'yan Najeriya zuwa wata uku a Yulin 2025. Saɓanin siyasar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023 bai kamata ya shiga tsakanin masu bincike ba.

Majalisar dokokin Kebbi na iya fara gyaran da doka guda, wadda za ta ware wa bincike wani kaso tsayayye daga kuɗin shigar jiha, ta kuma hana a karkatar da shi zuwa gini ko taro ko sayen mota. A sa wakilan manoman albasa da na shinkafa da masunta da ma'aikatan asibitocin karkara a kwamitin da zai tsayar da tambayoyin kowace shekara. Duk malamin da ya dawo daga karatu a ba shi kuɗin fara aiki na shekara biyu. Duk baƙon da ya zo haɗin gwiwa a marabce shi, bisa sharaɗin cewa kwafin bayanan da aka tattara da rabin samfurin za su zauna a Aliero ko Kalgo, kuma za a koma garin da aka yi aikin a karanta wa mutanensa sakamakon da Hausa ko Zabarmanci ko Dakarci ko Fulatanci. 'Yan majalisar da ke wakiltar Gwandu da Kalgo da Aliero, waɗanda jami'o'in biyu da gonakin albasar ke yankinsu, su ya fi dacewa su gabatar da ƙudurin kafin a kawo kasafin shekara mai zuwa.