Ragon bashi da maganin tire

 Yawancinmu bashin asusu ne muke ɗauka mu sayi rago mu turke don sallar layya, ko jar akuyar Maraɗi don madarar yara. Sai a wayi gari dabba tana zawo tana ramewa, mu ruga kasuwa wajen mai tire ya ba mu ƙwayar tsutsa.

A Dakar akwai ɗakin bincike mai suna LACOMEV, a makarantar likitocin dabbobi, inda ake narkar da irin waɗannan ƙwayoyi a auna abin da ke ciki. Sun tarar da waɗanda maganin cikinsu bai kai abin da aka rubuta a kwali ba, wasu kuma ya zarce. Da ido ba a bambance su, mai tiren ma bai sani ba.

Mu kuma in ƙwaya ɗaya ba ta yi aiki ba, sai mu ƙara ta biyu. Maganin tsutsa levamisole ba ya son haka ko kaɗan: da ya ɗan wuce awo, akuya za ta kama dalalar da miyau da kakkarwa, wani sa'in ta mutu, bashi kuwa yana nan.

Mu kai dabbar wajen malamin dabbobi ya ba ta daidai nauyinta. Mu tambaye shi kwana nawa za a yi kafin yara su sha madarar, ko a yanka.