Lasisin su a Tiga: a bar wa masunci dangwalensa

Ina goyon bayan a mayar da neman lasisin kamun kifi kan intanet, domin kuɗin da aka biya ta waya da wuya ya maƙale a aljihun wani. Sai dai masu jefa taru a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, da yawansu ƙaramar waya ce a hannunsu, daga Bebeji har Tudun Wada. Wane sa hannu na kwamfuta za a nema wajensu? Dillalan cike fom ne kawai za su samu kasuwa. A ajiye ma'aikaci da na'ura wajen Sarkin Ruwa, masunci ya dangwala yatsa, rasit ya shigo masa ta tes.