Filin Kimiyya da Fasaha: Randa Uku, Tsaga Ɗaya

A wannan wata za mu yi magana ne a kan wani ciwo da kan kama manyan injunan da ke riƙe da bayanan jama'a, wanda masu sana'ar ke kira yoyon ƙwaƙwalwa. Kada mai karatu ya ce wannan ai zancen 'yan boko ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kuɗin waya ko a layin banki aka ce masa inji ya tsaya, ya san zafin tsayawar inji, kuma wannan yoyo na daga cikin abubuwan da kan jawo hakan.

Bari mu fara da rumbun bayanai. Shi ne babban littafin lissafi da banki ko kamfanin waya ko asibiti ke ajiyewa a cikin kwamfuta, inda aka rubuta sunan kowa da abin da ya ajiye da abin da ya cira. To, mai hankali ba ya zuba dukiyarsa a randa ɗaya. Saboda haka akan haɗa injuna uku ko biyar su zama gungu guda. Ɗaya shi ne babba, shi ke karɓar duk wani sabon rubutu, sauran kuwa mataimaka ne, aikinsu su riƙa kwafe duk abin da babban ya rubuta. Idan babban ya faɗi, sai a ɗora ɗaya daga cikin mataimakan a kujerarsa, aiki ya ci gaba ba tare da mai ciniki ya san an yi wani abu ba. Dabara ce mai kyau, kuma ta sha ceton mutane daga ƙonewar inji da ɗaukewar wuta.

Amma akwai inda wannan dabara ba ta kai ba. Kowace kwamfuta tana da wuraren ajiya iri biyu. Akwai faifai, wanda kamar ɗakin ajiya yake, abin da aka sa a ciki yana nan ko an kashe inji. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wadda kamar teburin mai shago take, tana da sauri ƙwarai amma ba ta da faɗi. Duk lokacin da manhaja za ta yi wani aiki, sai ta ari ɗan wuri a kan teburin, idan ta gama ta mayar. Yoyo shi ne ta ara ta manta ba ta mayar ba. Kamar dai gidan biki ne da ke aron kwanuka daga maƙwabta. Idan a kowane biki kwano ɗaya ya maƙale, ba wanda zai lura a watan farko, amma rana na nan zuwa da za a nemi abin zuba abinci a unguwar a rasa.

Mu yi ɗan lissafi don misali. A ce manhaja tana manta kilobait 1 kacal a kowace buƙata da ta amsa, kuma tana amsa buƙata 100 a daƙiƙa. A rana akwai daƙiƙa 86,400, ke nan a wuni guda an yi asarar sama da gigabait 8. Injin da ke da gigabait 64 zai yi kamar mako ɗaya yana aiki lafiya lau, sannan ya fara nishi. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Daga nan sai aiki ya yi nauyi, amsar da kan zo nan take ta koma sai an jira. A injunan da ke aiki da Linux, idan ƙwaƙwalwa ta ƙare ƙaf, tsarin da kansa yakan zaɓi wata manhaja mai cin wuri da yawa ya kashe ta don ya tsira, kuma a injin rumbu, mai cin wuri da yawan nan galibi shi ne rumbun kansa.

An daɗe ana neman maganin wannan mantuwa. Tun wajen shekarar 1959 wani masani a Amurka, John McCarthy, ya fito da dabarar mai shara a harshen kwamfuta na Lisp, wato wani sashe da kan zagaya yana kwashe wuraren da aka daina amfani da su. Harsuna irin su Java sun gaji wannan dabara. Sai dai mai shara ba ya taɓa abin da aka rubuta masa suna a kai. Idan manhaja ta ci gaba da riƙe wani jeri tana ƙara masa abu ba ta ragewa, a wurin mai shara kaya ne masu mai shi, sai ya wuce ya bar su.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mataimakan nan da muke taƙama da su, manhaja iri ɗaya suke ɗauke da ita da babban, sau da yawa ma rana ɗaya aka kunna su duka. Ashe randa uku muka saya wurin magini ɗaya, kowace da tsaga a wuri ɗaya. Ranar da babban ya faɗi, mataimakin da za a ɗora shi ma ya kusa cika, ga kuma kayan wanda ya faɗi an jibga masa a ka. Bai daɗe ba shi ma ya bi sahu, sai na uku. Abin da ya fi wannan muni shi ne injin da bai mutu ba bai kuma yi rai ba. Idan 'yan'uwansa suka tambaye shi ko yana nan, sai ya amsa, amma aikin mutane ya gagare shi. Tun da ya amsa, ba za a sauke shi ba, jama'a kuwa na can suna jira.

Shi kansa aikin kwafewa yakan haifar da nasa cunkoson. Idan mataimaki ya yi jinkiri ko layinsa ya yanke, dole babban ya riƙa tara masa saƙonnin da bai karɓa ba. A rumbun Redis, wanda Salvatore Sanfilippo ɗan ƙasar Italiya ya ƙirƙiro a 2009, cikin ƙwaƙwalwa ake tara su, shi ya sa aka yi musu iyaka. Bisa tsarin asali, idan tarin ya kai megabait 256 sai a yanke wa mataimakin layi, ya dawo ya sake haɗawa. A PostgreSQL kuwa a faifai ake tara su. Sigar 9.4 ta 2014 ta zo da hanyar da babba zai riƙa ajiye wa kowane mataimaki rabonsa har ya dawo, kuma idan an cire mataimakin aka manta ba a soke rabonsa ba, tarin kan cinye faifan ƙurmus. Sai a siga ta 13, a 2020, aka ba masu kula damar sa wa tarin iyaka.

Don kada a ce tatsuniya muke yi, ga abin da ya faru a ranar Litinin, 22 ga Oktoba, 2012, a cibiyar kamfanin Amazon da ke jihar Bajiniya ta Amurka, inda ɗimbin kamfanoni ke hayar injuna. Kamar yadda kamfanin ya bayyana da kansa, a makon da ya gabaci ranar wani inji mai tattara rahotanni ya lalace, aka sauya shi da sabo, aka kuma gyara adireshinsa a littafin adireshin injuna. Amma gyaran bai isa ko'ina ba. Wasu injunan ajiya suka ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar injin da ya riga ya mutu, kuma ɗan ƙaramin wakilin da ke wannan aiki a cikinsu yana da ɓoyayyen yoyo, wanda a hankali ya riƙa cin ƙwaƙwalwa. Ƙararrawar gargaɗi ba ta buga ba, domin irin waɗannan injuna dama sun saba amfani da kusan duk ƙwaƙwalwarsu, da wuya a bambanta cikar lafiya da ta ciwo. Da safiyar Litinin injuna da yawa suka kasa a lokaci guda, masu lafiya ba su isa su ɗauki kayan marasa lafiya ba. Shafuka irin su Reddit da Foursquare suka tsaya.

Abin lura a nan shi ne rumbunan da aka yi wa mataimaki a wani gini dabam don irin wannan rana. Mafi yawansu sun koma kan mataimakan, amma wasu kaɗan ba su koma da kansu ba. A wasunsu, layi tsakanin babba da mataimaki ya yanke ɗan lokaci kafin babban ya tsaya, ya kuwa ci gaba da karɓar rubutu shi kaɗai. Da ya tsaya, tsarin ya ƙi ɗora mataimakin da aka bari a baya, gudun kada a yi asarar lissafin mutane, sai da ma'aikata suka sa hannu. Wakilin da ya jawo duk wannan ba ya ma taɓa bayanan kowa, rahoto kawai yake kaiwa.

Ga 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka shiga wannan sana'a, kuma alhamdu lillahi suna ƙaruwa a zangunanmu, muna da shawara. Kada ku tsaya ga duba yawan ƙwaƙwalwar da ta rage a yau, ku duba yadda take tafiya cikin mako da wata, kuma na kowace manhaja dabam, har da ƙananan da ake rainawa. Layin da ke hawa ba ya sauka ko da dare ya yi ciniki ya ragu, alamar yoyo ce. Kada ku kunna injunan gungu rana ɗaya, kada kuma ku sa musu sabuwar manhaja gaba ɗaya, a fara da ɗaya a ga halinsa. Duk wani tari a yi masa iyaka. Ku riƙa gwada sauke babba da gangan a ranar da ba cunkoso, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kashe inji a sake kunnawa yana kwashe ruwan da ya zuba, amma tsagar tana nan sai an nemo ta an liƙe. Sannan kwafi ba ya maye gurbin ajiyar da aka keɓe gefe, domin kuskuren da babba ya rubuta, mataimaka ma za su kwafe shi.

Mu kuma sauran jama'a, idan muka tura kuɗi abin ya tsaya, kada mu yi ta maimaitawa, domin wataƙila na farkon ya shiga, amsa ce ta makara, ga shi kuma maimaitawar na ƙara wa injin da ke nishi kaya. Mu jira, mu duba abin da ya rage a asusu, mu adana saƙon shaida da lambar cinikin. Mai fita kasuwa ya riƙe ɗan abin da zai kai shi gida a aljihu. Kada kuma mu huce a kan yaro ko yarinyar da ke zaune a rumfar kuɗin waya, injin ba a hannunsu yake ba, yana can wani gari ko ma wata ƙasa.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana da wasiƙa ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.