Karayar ƙugu: Wane noti ne ya fi riƙe ƙashi?

Karayar ƙashin ƙugu na daga cikin raunuka mafiya haɗari, domin manyan jijiyoyin jini na ratsa wurin, kuma a kansa ne nauyin gangar jiki ke sauka.

A da, akan kwantar da majiyyaci makonni yana jiran ƙashin ya haɗe. A shekarun 1990 ne likitoci irin su Chip Routt na birnin Siyatil a Amurka suka yaɗa dabarar zura dogon noti ta 'yar ƙaramar kafa a fata, ya ɗaure ƙashin gefe da na tsakiya da ke gindin baya.

Muhawarar da ake yi tun daga lokacin ita ce a kan ƙirar notin. Kaurinsa yakan kai milimita 6.5 zuwa 7.3. Akwai mai haƙora a bakinsa kaɗai, wanda ke janyo ɓangarorin biyu su matsu, akwai kuma mai haƙora tun daga sama har ƙasa, wanda ke riƙe su a inda suke. Na farkon yana da amfani idan gaɓar ta buɗe, amma idan ƙashin ya farfashe, matsewar na iya danne jijiyar da ke sauka zuwa ƙafa.

To sai dai matsalar ta fi tsanani a wajen tsofaffi, musamman mata, waɗanda ƙashinsu ya zaizaye har faɗuwa a tsakar ɗaki kan karya shi. A nan ba notin ne ke karyewa ba, kwancewa yake yi, kamar wanda aka ɗaura a katakon da gara ta ci.

A shekarar 2013 likitoci biyu a birnin Mainz na Jamus, Rommens da Hofmann, suka fitar da tsarin rarrabe irin wannan karaya. Dabarun da ake bi sun haɗa da tura simintin ƙashi kewaye da bakin notin, ko kuma amfani da wanda zai ratsa ƙugun daga wannan gefe zuwa wancan.

Galibin gwaje-gwajen ƙarfi ana yin su ne a kan ƙasusuwan gawa ko na roba, inda na'ura ke dannawa tana saki sau dubbai. Alkaluman na da amfani, amma gawa ba ta da tsoka mai motsi, ƙashinta kuma ba ya warkewa, don haka notin da ya yi zarra a ɗakin gwaji ba lallai ne ya fi saurin tayar da majiyyaci ba.

Sannan hanyar da notin zai bi ƙunci gare ta; kaucewar 'yan milimitoci na iya taɓa jijiya. Shi ya sa aikin ke buƙatar na'urar hoton ƙashi a ɗakin tiyata da kuma ƙwararren hannu, abubuwan da suka yi ƙaranci a asibitoci da dama na Afirka, nahiyar da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce ta fi kowace yawan mace-mace a haɗarin mota idan aka kwatanta da yawan jama'arta.