Idan Allurar Ta Yi Wuyar Samu

'Yan'uwa, tun faɗuwar naira a 2023 magungunan waje suka yi tsada, wasu ma sukan yi wuyar samu, har da allurar hydrocortisone da dexamethasone. Mai asma kuwa, in numfashinsa ya sarƙe da tsakar dare a cikin birni, ba ya jiran gobe.

Muna roƙo, wanda ya daɗe kan irin wannan magani kada ya yanke farat ɗaya. Jiki ya rage yin nasa, yankewar tana iya kisa. A koma wurin likita, Ƙofar Gayan ko Shika, a tambaya ko ƙwaya za ta wadatar. Kada a saya hannun 'yan talla, a duba lambar NAFDAC. Dattawa, ku san masu wannan larura, da wanda zai kai su asibiti.