NAZARI: Kimiyya na neman raya haƙori, a Najeriya cirewa aka fi sani

A tsakiyar kowane haƙori akwai wani nama mai laushi, ɓargon haƙori, wanda ke ɗauke da jijiyoyin jini da na jin zafi. Jini na isa gare shi ne ta wata 'yar ƙofa a ƙarshen saiwa. Idan ya kumbura babu inda zai faɗaɗa, domin bango mai tauri ya kewaye shi. Shi ya sa ciwon haƙori ke hana barci, kuma ɓargon kan mutu idan jini ya yanke.

Masu bincike sun gano cewa haƙori ba ya miƙa wuya cikin sauƙi. Tun lokacin da yake tsirowa, jiki ke adana wasu sinadaran haɓaka tsiro a cikin bangonsa, ciki har da VEGF, wanda Napoleone Ferrara ya tace a Amurka a 1989. Idan tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa ya fara cin bangon, sai sinadaran su saku, su sa sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro zuwa wurin raunin. Da jinin ne iskar oksijin da ƙwayoyin gyara ke isowa.

A 2000, Stan Gronthos da Songtao Shi suka nuna cewa ɓargon na ɗauke da ƙwayoyin halitta na asali masu iya sabunta nama. A 2018 kuma, likitoci a birnin Xi'an na ƙasar Sin suka dasa irin waɗannan ƙwayoyi, daga haƙoran yarinta, a haƙoran yaran da suka ji rauni, ɓargon ya farfaɗo da jijiyoyinsa. Wannan dashe bai fita daga matakin gwaji ba. Amma darasinsa ya riga ya shiga ɗakin likita: maimakon a kwashe ɓargon duka, ana iya yanke ɓangaren da ya lalace, a rufe sauran da wani siminti na musamman, a bar shi da rai.

Sharaɗin ɗaya ne: majinyaci ya zo da wuri. A nan ne batun ya koma na siyasa.

A Najeriya, likitocin haƙori sun taru a manyan birane da asibitocin koyarwa, kuma galibin jama'a daga aljihunsu suke biya. Talaka kan fara da kanumfari da ƙwayar rage zafi daga kemis, ba ya zuwa asibiti sai kunci ya kumbura. A lokacin ɓargon ya mutu, babu jijiyar da za ta tsiro, cirewa kuma ta fi arha. Wannan ba jahilci ba ne, lissafin kuɗi ne.

A 2021 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince ƙasashe su sanya lafiyar baki cikin tsarin lafiya ga kowa, kuma rahotonta na 2022 ya ce mutum kusan biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki. Najeriya ce ta jagoranci fafutukar da ta sa aka shigar da cutar noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023, abin a yaba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ma ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa. Sai dai har yanzu, a yawancin asibitocin matakin farko na karkara, babu kujerar duba haƙori, balle wanda zai cike ƙaramin rami kafin ya kai ga ɓargo.